Hujjojin masu neman gwamnatin tarayya mai ƙarfi a sabuwar jamhuriya

Tambaya: Wani malamin sakandare mai koyar da darasin harkokin gwamnati a garin Bauchi ya rubuto yana cewa: "Assalamu alaikum, Malam. An sa ɗalibaina muhawara, kuma ɓangaren da ya faɗo musu shi ne su kare cewa ƙasar da ta kafa sabuwar jamhuriya ta fi bukatar gwamnatin tarayya mai ƙarfi a kan jihohi masu cin gashin kansu. Ni kaina abin yana ɗaure mini kai, domin kukan da muke ji kullum shi ne Abuja ta tattare komai a hannunta. Waɗanne hujjoji ne na ƙwarai da za a iya tsayawa a kansu, kuma daga ina suka samo asali?"

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya saka da alheri bisa ɗawainiyar da kake yi da yaran nan. Wurin da aka fi tsefe wannan magana a tarihin siyasar zamani shi ne Amurka, tsakanin 1787 da 1788, kuma ya dace a fara daga can, domin tsarin shugaban ƙasa mai cikakken iko da muka ɗauka a 1979, wanda kundin 1999 ya ci gaba da shi, daga wurinsu muka aro shi. Abin da nake so ka riƙe tun daga farko shi ne, mutanen da suka yi wannan gwagwarmaya sun nemi gwamnatin da za ta ɗauki ayyuka 'yan kaɗan amma ta iya cika su da hannunta, da kuɗinta, da kotunanta, ba tare da ta tsaya roƙon jihohi ba. Wanda ya fahimci wannan zai ga cewa kukan da ake yi da Abuja da hujjojin da ɗalibanka za su kawo ba sa karo da juna kamar yadda ake zato.

Yankuna 13 da ke ƙarƙashin Birtaniya sun yi shelar 'yancin kai a 1776, kuma tun ana cikin yaƙi suka rubuta wata yarjejeniyar ƙawance da ta fara aiki a 1781. A ƙarƙashinta gwamnatin tsakiya majalisa ce guda ɗaya kurum, babu shugaban ƙasa mai zartarwa, babu kotunan tarayya da za su yi wa talaka shari'a. Kowace jiha, babba ko ƙarama, ƙuri'a ɗaya take da ita. Manyan batutuwa irin su yaƙi da cin bashi sai jihohi tara sun yarda, gyaran yarjejeniyar kuwa sai dukkan 13 sun amince. Majalisar ba ta da ikon sa haraji, ba ta kuma da ikon tsara ciniki. Ba a rasa dalilin da ya sa suka yi haka ba: mutanen da suka zubar da jini saboda majalisar Landan ta sa musu haraji daga nesa ba za su yi saurin miƙa wannan iko ga wata hukuma mai nisa ba, ko da kuwa tasu ce.

Matsalar farko da ta fito fili ita ce ta kuɗi. Majalisa takan yanke wa kowace jiha kasonta na kuɗin tafiyar da ƙasa, ta aika mata da takarda, daga nan sai jira. Lamarin ya zama kamar adashen da uwar adashe ba ta da yadda za ta yi da wanda ya ƙi zubi: kowa yana zura ido ya ga ko maƙwabcinsa ya zuba, wanda ya zuba a wannan zagaye kuma ya ga wasu sun ƙi, sai shi ma ya noƙe a zagaye na gaba. A 1781 majalisa ta nemi a ba ta izinin karɓar kuɗin fito na kashi 5 cikin ɗari a kan kayan da ake shigowa da su, ƙaramar jihar Rhode Island ta ƙi, maganar ta mutu. An sake gwadawa a 1783, aka yi shekaru ana lallashi, a ƙarshe Niyok ta hana. A 1786 jihar New Jersey ta fito fili ta ce ba za ta biya kasonta ba. Ga bashin yaƙi da aka ciwo daga Faransa da masu bankunan Holan, ga sojojin da suka yi yaƙin ba a biya su haƙƙinsu ba. A watan Yuni na 1783 wasu sojoji suka kewaye ginin da majalisa take zama a Filadelfiya suna neman albashinsu, majalisa ta roƙi hukumomin jihar Fensilbaniya su kare ta, ba su yi ba, sai 'yan majalisar suka tattara suka bar garin zuwa Princeton. Gwamnatin ƙasa ke nan da ta kasa tsare ƙofar zaurenta.

Daga nan Alexander Hamilton, ɗan siyasar Niyok mai neman tarayya mai ƙarfi, ya ciro hujjar da nake ganin ita ce uwar sauran, kuma ina roƙonka ka tsaya a kanta da yaran har sai ta zauna musu. Ya ce aibin tsohon tsarin yana cikin wanda ake yi wa doka. Majalisa tana yi wa jihohi doka ne a matsayinsu na gwamnatoci, ba ta kai hannunta ga ɗaiɗaikun mutane. To, idan mutum ɗaya ya ƙi biyan haraji, ana iya aika masa da sammaci, alƙali ya yanke hukunci, a ci shi tara ko a ɗaure shi, gari kuma ya kwana lafiya. Idan jiha ce sukutum ta ƙi, wa za a aika wa sammaci? Hanya biyu ce ta rage: ko a ƙyale ta, doka ta koma shawara, ko a tura mata sojoji, wanda shi ne yaƙin basasa. Saboda haka ƙawancen da yake dogaro da biyayyar jihohi yana rayuwa ne tsakanin rashin ƙarfi da zubar da jini, ba shi da matsakaiciyar hanya. Maganin da suka kawo shi ne a samar da gwamnatin da dokarta za ta hau kan ɗan ƙasa kai tsaye a cikin fagen da aka iyakance mata, ta karɓi harajinta da ma'aikatanta, ta gurfanar da mai laifi a kotunta. A wannan mahanga, ƙarfafa gwamnatin tarayya hanya ce ta rage amfani da bindiga, domin alƙali da mai karɓar haraji ne suke maye gurbin soja. Mutane da yawa suna jin kalmar gwamnati mai ƙarfi sai tankokin yaƙi su faɗo musu a rai, alhali waɗanda suka fara kare wannan ra'ayi kotu suke nufi.

Sai batun ƙasashen waje, wanda sabuwar ƙasa take fi kowa jin zafinsa, domin manyan ƙasashe suna gwada ta ne tun tana rarrafe. Yarjejeniyar sulhu ta Faris a 1783 ta ce Birtaniya za ta janye daga sansanonin sojanta da ke cikin ƙasar Amurka, amma ta ci gaba da zama a wurare irin su Detroit da Niagara, tana kafa hujja da cewa jihohi sun hana 'yan kasuwarta karɓar basussukan da suke bi, abin da yarjejeniyar ta yi alkawari. Majalisa ta sa hannu a alkawarin da ba ta da ikon tilasta wa jihohi su cika. A 1784 Sifaniya, wadda take riƙe da mashigar kogin Misisifi, ta rufe shi ga jiragen Amurkawa, manoman yamma suka rasa hanyar fitar da amfanin gonarsu. Da John Jay, sakataren harkokin waje na majalisa, ya shiga tattaunawa da wakilin Sifaniya, sai aka ga jihohin arewa a shirye suke su haƙura da kogin na wasu shekaru don su samu kasuwa, jihohin kudu kuma suka ce ba za ta saɓu ba. A 1785 jiragen Aljeriya suka kama jiragen kasuwancin Amurka biyu, ma'aikatansu suka yi shekaru a tsare saboda babu kuɗin fansa, babu kuma rundunar ruwa. Hujjar a nan ita ce ƙasar da take magana da murya 13 ba a ɗaukar alkawarinta da daraja, ba a kuma tsoron barazanarta, sannan kowace babbar ƙasa za ta nemi jihar da za ta janyo gefenta don ta raba kan sauran. A Afirka mun ga yadda hakan yake ƙarewa: Kongo ta samu 'yanci a ƙarshen Yuni na 1960, kafin a yi mako biyu lardin Katanga mai arzikin ma'adinai ya ɓalle da goyon bayan Beljiyam.

Hujjar ciniki ba ta bukatar dogon bayani ga mutumin Bauchi ko Gombe. A wancan lokaci jihohin da suke da manyan tashoshin jiragen ruwa suna karɓar kuɗin fito a kan kayan da maƙwabtansu za su yi amfani da su, Niyok ma har ta sa kuɗi a kan ƙananan jiragen da ke kawo mata kayan abinci da itace daga New Jersey da Connecticut, su kuma suka rama. Wasu jihohi suka buga takardun kuɗi barkatai, Rhode Island ta tilasta wa masu bin bashi su karɓi takardar da ta rasa daraja. Duk direban da ya taɓa ɗauko hatsi daga Tudun Hatsi a Gombe, ko shanu daga kasuwannin Bauchi, ya nufi Legas ko Fatakwal, ya san yawan shingayen da ake tsayar da shi ana yankar masa rasit da sunan jiha ko ƙaramar hukuma, kuma ya san cewa a ƙarshe mai saye da manomi ne suke biya. Wannan yana faruwa ne a ƙasar da take da kuɗi ɗaya da kwastan ɗaya. A ƙiyasta yadda za a kasance da kowace jiha tana da ikon kafa nata kwastan a kan iyakarta.

Abin da ya girgiza manyan Amurka har suka yarda a zauna shi ne boren manoma a yammacin jihar Massachusetts a 1786 da 1787, wanda ake danganta shi da Daniel Shays, tsohon hafsan yaƙin 'yanci. Bashi da haraji mai nauyi sun sa ana ƙwace gonakin mutane, sai suka rufe kotuna, a Janairun 1787 kuma suka tasar wa rumbun makaman tarayya da ke Springfield. Majalisa ta amince a ɗauki sojoji amma kuɗin bai samu ba, har sai da attajiran Boston suka yi karo-karo aka haɗa rundunar da ta kashe wutar. Ina so ɗalibanka su yi adalci a nan: manoman suna da ƙorafi na gaskiya, kuma jihar ce ta ɗora musu harajin don ta biya bashin yaƙin da aka ci domin ƙasa baki ɗaya. Wannan ma hujja ce ga masu neman tarayya mai ƙarfi, domin bayan sabuwar gwamnati ta kafu, ta fara karɓar kuɗin fito a 1789, ta kuma ɗauke wa jihohi basussukan yaƙi a 1790 bisa shawarar Hamilton, nauyin harajin da jihohi suke ɗora wa manoma ya ragu ƙwarai.

Hujjar da ta fi zurfi, wadda kuma ta fi shafar mu, ta James Madison ce, ɗan siyasar jihar Bajiniya. Masana na wancan zamani, bisa koyarwar Montesquieu na Faransa, sun ɗauka cewa jamhuriya ba ta ɗorewa sai a ƙaramar ƙasa da mutanenta suka san juna. Madison ya juya maganar. Ya ce babbar barazana ga 'yancin mutum a mulkin jama'a ita ce ƙungiyar masu rinjaye da wata bukata ko wata aƙida ta haɗa kansu, suka danne marasa rinjaye ta hanyar ƙuri'a. Ba za a iya hana mutane rarrabuwa ba, domin bambancin dukiya da addini da ra'ayi yana tare da ɗan Adam, kuma wanda ya ce zai kawar da shi sai ya kashe 'yancin kansa. Abin da za a iya yi shi ne a rage cutarwarsa. A ƙaramin yanki abu ne mai sauƙi ƙabila ɗaya, ko ɗariƙa ɗaya, ko masu sana'a ɗaya su zama su ne masu rinjaye na dindindin, wanda ba nasu ba kuma ya rasa inda zai kai kuka. Idan aka faɗaɗa fagen, aka haɗa manomi da ɗan kasuwa, mai bin bashi da wanda ake bi, mabiya mazhabobi dabam-dabam, babu wani rukuni da zai iya mulki shi kaɗai, dole ya nemi abokan tafiya, neman abokan tafiya kuma yana tilasta sassauci. Ya ƙara da cewa idan aka raba iko tsakanin tarayya da jihohi, sannan aka sake raba kowanne zuwa majalisa da zartarwa da shari'a, ɗan ƙasa yana samun kariya ninki biyu, domin kowane ɓangare yana sa wa ɗaya ido.

Wannan magana ba baƙuwa ba ce a ƙasarmu. Kafin 'yancin kai, ƙananan ƙabilu a dukkan yankuna uku sun nuna tsoronsu ga gwamnatocin yankunan, har Turawa suka kafa kwamitin Willink a 1957. Kwamitin bai ba da shawarar a ƙirƙiro sababbin yankuna ba, amma ya ba da shawarar a rubuta haƙƙoƙin ɗan Adam a cikin kundin tsarin mulki, kuma ya ga rundunar 'yan sandan tarayya a matsayin abin da marasa rinjaye za su dogara da shi. Jihohi irin Bauchi da Gombe, inda Hausawa da Fulani da Bolawa da Jarawa da Sayawa da Tangale da Waja da Tera da wasu da dama suke zaune tare, Musulmi da Kirista, sun san cewa wani lokaci wanda ya fi kusa da kai shi ne ya fi iya danne ka. Ikon ɗaukaka ƙara daga kotun jiha zuwa kotunan tarayya har zuwa Kotun Ƙoli yana daga cikin abubuwan da talaka ba ya sanin darajarsu sai ranar da ya yi shari'a da mai ƙarfi a garinsu.

Taron rubuta sabon kundin tsarin mulki ya zauna a Filadelfiya daga Mayu zuwa Satumba na 1787 a ƙarƙashin jagorancin George Washington, Rhode Island ba ta aiko da kowa ba, wakilai 39 suka sa hannu a kan sabon kundi. An ba gwamnatin tarayya ikon haraji, da tsara ciniki da ƙasashen waje da tsakanin jihohi, da buga kuɗi, da kafa rundunar soja, aka samar da shugaban ƙasa da Kotun Ƙoli, aka kuma ce kundin da dokokin tarayya da aka yi bisa shi su ne a sama da na jihohi. Don shawo kan mutanen Niyok, Hamilton da Madison da Jay suka rubuta maƙaloli 85 a ƙarƙashin sunan aro na Publius, waɗanda aka tattara da sunan The Federalist, kuma hujjojin da na kawo maka mafi yawansu a can aka shimfiɗa su. Amincewar jihohi da kundin ta zo da ƙyar. A Bajiniya ƙuri'a 89 da 79 aka yi, a Niyok 30 da 27, Rhode Island kuwa ba ta shigo ba sai 1790.

Ƙarancin ratar nan yana nuna cewa masu adawa ba jahilai ba ne, kuma ɗalibin da ya raina su zai sha kaye a muhawara. Patrick Henry da George Mason da ire-irensu sun ce gwamnati mai nisa ba za ta san halin talaka ba, wakilai 'yan kaɗan ba za su wakilci jama'a mai yawa ba sai masu hali, ikon haraji da soja na dindindin kuma zai riƙa faɗaɗa har ya haɗiye jihohi. Matsin lambarsu ne ya kawo gyare-gyare goma na farko a 1791, waɗanda suka kare 'yancin addini da na magana da haƙƙin wanda ake tuhuma, na gomansu kuma ya ce duk ikon da ba a ba tarayya ba ya rage a hannun jihohi ko jama'a. Madison da kansa ya tabbatar wa mutane cewa ikon tarayya kaɗan ne kuma ƙayyadadde, na jihohi ne mai yawa. Tarihi ya nuna hasashen masu adawa game da faɗaɗar iko yana da ƙamshin gaskiya. Akwai kuma tabon da bai kamata a ɓoye wa yara ba: an sayi haɗin kan ne da barin bauta, aka ƙirga bawa a matsayin kashi uku cikin biyar na mutum wajen rabon kujeru, aka hana majalisa taɓa fataucin bayi kafin 1808, kuma abin da aka binne a lokacin shi ya tashi ya zama yaƙin basasa na 1861 zuwa 1865.

Idan muka dawo gida, jamhuriyarmu ta farko da aka kafa a ranar 1 ga Oktoba 1963, lokacin da ɗan wannan ƙasa ta Bauchi, Sa Abubakar Tafawa Ɓalewa, yake Firayim Minista, ba ta yi raunin majalisar Amurka ta farko ba. Gwamnatin tarayya da ke Legas tana da soja, da kwastan, da Babban Banki, da harkokin waje, kuma ita ce ta shimfiɗa layin dogon da ya ratsa Bauchi da Gombe ya isa Maiduguri a 1964, aikin da babu wata En'e ko lardi da zai iya shi kaɗai. Ciwonta na daban ne: yankunan sun yi girma har suna gogayya da tsakiya. Kowane yanki yana da kundin tsarin mulkinsa, da wakilinsa a Landan, da hukumar sayen amfanin gona da take tara masa kuɗi, kuma kowace babbar jam'iyya tana da yankin da ta mayar gidanta. A zaɓen 1959 Arewa tana da kujeru 174 daga cikin 312, wato ta fi sauran a haɗe, shugaban jam'iyyar da ke mulki kuma, Sardauna, ya zaɓi zama Firimiya a Kaduna. A irin wannan tsari, abin da Madison ya dogara da shi, wato yawan rukunoni da babu wanda zai rinjayi saura, bai samu ba. Ƙidayar jama'a ta 1962 da 1963, da zaɓen tarayya na 1964, da na Yamma a 1965, duk sun zama faɗan a mutu ko a yi rai, saboda babu wata hukuma a tsakiya da dukkan ɓangarori suka yarda ba ta da gefe.

Darasin da ya biyo baya shi ne ya fi kamata a ja kunnen ɗalibanka da shi. Bayan juyin mulkin 15 ga Janairu 1966, Janar Ironsi ya fitar da doka ta 34 a watan Mayu, ya soke tsarin tarayya, ya mayar da ƙasar dunƙulalliya. Arewa ta ɗauki abin a matsayin mamaya, aka yi tarzoma da asarar rayuka, a ƙarshen Yuli aka yi juyin mulki na biyu. A ɗaya gefen kuma, fassarar da Ojukwu ya yi wa yarjejeniyar Aburi ta 1967 ta kusa mayar da ƙasar ƙawance irin wanda Amurka ta gudu daga gare shi. Abin da ya riƙe Najeriya shi ne matakin Gowon na 27 ga Mayu 1967 na raba yankuna huɗu zuwa jihohi 12, wanda ya ba ƙananan ƙabilu abin da suka daɗe suna nema, ya kuma tabbatar babu wata jiha da za ta yi kafaɗa da tarayya. Daga wannan tushe jihar Bauchi ta fito a 1976, Gombe kuma a 1996. Saboda haka duk ɗalibin da ya tashi yana kare gwamnatin tarayya mai ƙarfi, ya kiyayi harshensa kada ya zame ya koma kare soke jihohi, domin an gwada wannan a nan kuma an ga abin da ya haifar cikin 'yan kwanaki.

Yanzu sai kukan da ka ambata. Shekarun mulkin soja da kuɗin man fetur sun tara wa tsakiya ayyukan da masu hujjojin 1787 ba su taɓa nema ba. Jerin abubuwan da kundin 1999 ya keɓe wa tarayya ita kaɗai ya ƙunshi batutuwa 68 a lokacin da aka rubuta shi, tarayya tana ɗaukar kashi 52.68 cikin ɗari na asusun tarayya, jihohi 26.72, ƙananan hukumomi 20.60, yawancin jihohi kuma sun dogara da rabon wata-wata. A Amurka ta farko tsakiya ce take roƙon jihohi, a nan jihohi ne suke zuwa Abuja da ƙoƙon bara. Duk da wannan tarin iko, a ayyukan da su ne asalin dalilin kafa tarayya, wato tsaron rai da dukiya, da tsare iyaka, da riƙe darajar kuɗi, da tabbatar da cewa an bi hukuncin kotu, nan ne muka fi ganin gazawa, kuma mutanen Arewa maso Gabas da suka ga abin da Boko Haram ta yi ba sa bukatar a ba su labari. A ganina gwamnatin da ta rungumi ayyuka da yawa ta kasa cika na farko ba ta cancanci a kira ta mai ƙarfi ba, ta dai yi faɗi ne. Gyaran kundin da aka sa wa hannu a 2023, wanda ya buɗe wa jihohi ƙofar shiga harkar lantarki da jiragen ƙasa da gidajen gyaran hali, bai saɓa wa hujjojin da na kawo ba ko kaɗan. Akwai dai wuraren da ba makawa sai tarayya. Man da aka samu a Kolmani yana kan iyakar Bauchi da Gombe ne, kuma kasancewar kundin tsarin mulki ya damƙa ma'adinai a hannun tarayya, ga kuma hukumar kula da iyakoki da Kotun Ƙoli, shi ya sa duk wata taƙaddama a kai take zama ta takarda da lauyoyi. Jihohin Amurka na farko sun yi ta kai ruwa rana a kan filaye, mazauna daga Connecticut da na Fensilbaniya har sun zubar da jini a kan wani kwari guda.

Abokan hamayyar ɗalibanka kusan tabbas za su kawo batun 'yan sandan jihohi, saboda haka su shirya masa. Kada su musanta cewa runduna ɗaya da ake juyawa daga Abuja ta kasa isa ƙauyuka, domin kowa a zauren ya san haka, kuma Amurka kanta ta bar aikin 'yan sanda na yau da kullum a hannun jihohi da garuruwa. Abin da za su tunatar shi ne dalilin da ya sa aka haɗe 'yan dokan En'e cikin rundunar tarayya a zamanin Gowon: 'yan adawa, musamman 'yan NEPU a Arewa da masu adawa da gwamnati a Yamma, sun sha kamu da ɗauri a hannun 'yan dokan da masu mulkin yanki suke juyawa. Sai su ce idan za a mayar wa jihohi wannan iko, wajibi ne a samu kotunan tarayya masu cin gashin kansu da hukumar da za ta iya hukunta gwamnan da ya mayar da 'yan sanda karnukan farautar abokan hamayya, kuma waɗannan ba sa samuwa sai tarayyar tana da kuɗinta, da ma'aikatanta, da ikon kai hannu ga mai laifi ko da shi ne yake riƙe da gidan gwamnatin jiha.